Matiyu Yatsa-Biyu da Keken Taɓo

Shekara talatin da huɗu na yi a gidan Matiyu mai gyaran keke na Herwagana, kuma goma sha biyar daga ciki na yi su ne ina wanke layi ɗaya tak na taɓo, wanda yake tasowa daga ƙugun wandonsa, ya bi gadon baya har wuyan riga. Macen da ba ta taɓa auren mai keke marar madigadi ba, ba ta san wannan layin ba, kuma ta gode wa Allah. Madigadi shi ne ƙarfen nan da ake kifawa a kan taya don ya tare ruwa da laka. Kowane keke a Gombe yana da shi, har na masu tallan kananzir. Na mijina ne kaɗai yake yawo tsirara, alhali shi ke gyara wa gari kekuna.

Sunana Janet. Ni da shi duk daga ƙasar Tangale muka fito, ya riga ni zuwa Gombe da shekara shida, ya koyi sana'a, ya kafa rumfa a gindin wata darbejiya, sannan ya koma gida ya ɗauko ni. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya shan giya, ba ya faɗa, ba ya dukan yara. Hannunsa kuwa idan ya ɗaure noti, to ya ɗauru ke nan har sai shi ya ga dama. Da a nan Allah ya tsaya da halittarsa, da na zauna lafiya.

A shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai ne abin ya same mu. Akwai wani Bature da ke aiki da masu sayen auduga, dogo kamar sandar rake, wanda yake kawo wa Matiyu gyara. Kekunan tsere biyu gare shi. Da zai koma garinsu, sai ya kira Matiyu ya ce ya zaɓi ɗaya. Na farko ja ne, yana walƙiya, ko ƙwarzane babu. Na biyu launin toka, fentinsa duk ya ɗaye. Duk mai hankali ya san wanda zai ɗauka. To amma Baturen ya yi kuskuren yi masa bayani, mijina kuwa idan aka yi masa bayanin ƙarfe, an gama da shi. Da yamma sai ga shi ya turo mini na tokar har tsakar gida, yana murmushi kamar wanda aka ba sarauta.

Na ce, "Baban Selina, ina jan?"

Ya ce, "Ja na kwalta ne. Kwalta nawa kika gani a Gombe?"

Daga ranar ya fara wa'azin da na haddace fiye da Addu'ar Ubangiji. Duk wanda ya kawo faci sai ya saurara kafin a ba shi kekensa. Ga mai kallo daga nesa, in ji shi, kekunan tsere duk ɗaya ne, sirara masu lanƙwasasshen ƙaho. Amma firam ɗinsu, wato ƙarafunan da suka haɗa gangar jikin keken, a nan bambanci yake. Na kwalta gajere ne, a matse, fedarsa kusa da ƙasa, tayarsa kuma tana wucewa daf da ƙarfe, ko takarda da ƙyar za ta shiga tsakani. A kan kwalta ba mai kama shi, amma da ya taka taɓo, taɓon ya cika wurin, taya ta tsaya cak. Nasa kuwa an ƙera shi ne don masu tsere a gonaki. Jikinsa ya fi tsawo don kada ya yi tangaɗi a yashi, fedarsa ta ɗaga sama don kada ta bugi kututture, birkinsa a buɗe yake gefe da gefe, sannan ga babban abin, ratar da aka bari tsakanin taya da ƙarfe don taɓo ya sami hanyar wucewa.

A nan zai durƙusa, ya zura yatsa biyu a ratar, ya ɗago kai yana duban mai keke.

"Ka gani? Yatsa biyu. Sa naka ka ji."

Mutum ya zo a yi masa faci ya tafi kasuwa, sai ya sami kansa a tsugune yana cusa yatsu a keken wani. Kafin shekara ta zagayo sunan ya bi shi. Ko a coci idan aka ce Matiyu sai a tambaya wanne, a ce Yatsa-Biyu.

Abu ɗaya ne bai taɓa sawa a wa'azin ba, ni kaɗai ya gaya wa, shi ma sai da ya rage murya. Baturen ya ce a garinsu idan masu irin wannan tseren suka iso wurin da ba ya hawuwa, sauka suke yi, su saɓa keken a kafaɗa, su yi ta gudu da shi. Shi ya sa aka bi da wayar birki ta saman ƙarfen tsakiya, aka bar ƙasansa sumul don kafaɗa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa, don a Gombe keke ne ke ɗaukar mutum, ranar da aka ji mutum na ɗaukar keke kuwa, wa'azinsa ya mutu.

Ni dai ba bambancin firam ne ya dame ni ba. Wanki ne. Duk damina sai na ce ya sa madigadi, shi kuma ya ce madigadi zai cinye ratar. Na faɗa a gida, na faɗa a bakin famfo, na faɗa a taron zumuntar mata, har matan Herwagana idan suka ga hadari ya haɗo sai su ce, "Maman Selina, tanadi sabulu."

Mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukar wa'azin da gaske, shi ma ba don ya fahimta ba. Hamman ke nan, wani Bafulatani mai kawo kayan miya daga Kwadon a kan wani tsohon baƙin keke mai nauyin tsiya. Madigadinsa ya daɗe da zubewa a hanya. Kullum kukansa ɗaya ne, baƙar lakar wajensu tana riƙe masa taya. Sau biyu Matiyu yana sa ƙarfen gaban keken a wuta yana buɗa shi, ya buɗa na baya ma. Hamman ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, Malam Matiyu," ya hau ya tafi. Mijina bai taɓa lissafa wannan a cikin kekuna ba. Jaki yake ce wa keken.

Haka muka yi ta tafiya. Jirgin ƙasa ya iso gari, aka yi yaƙi aka gama, aka canza hannun tuƙi, aka canza kuɗi, Matiyu na nan gindin darbejiya da yatsunsa biyu. Abin da yake jira guda ɗaya ne a duniya: ranar da keken kwalta da keken taɓo za su haɗu a hanya ɗaya, gari ya gani da idonsa. Matsalar ita ce duk Gombe ba mai keken kwalta. Jan ya bi wani malamin makaranta zuwa Jos tun tuni.

Sai ga kuɗin mai. A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin nan na Udoji, garin ya haukace. Masinja ya sayi babur, malamin asibiti ya sayi babur, har mai kaɗa ƙararrawar cocinmu ya sayi babur, daga gidansa zuwa coci kuwa taku arba'in ne. Mutanen da suka shekara goma suna zama a bencin Matiyu suka koma wucewa suna danna masa ham. Rumfa ta yi shiru. Ba ya magana a kai, amma ina ganin yadda yake share wurin sau uku a rana. Tausayinsa ya kama ni, ko da yake ban nuna masa ba.

A cikin wannan hayaniya ne Alfred, wani matashin akawu ɗan unguwarmu, ya je Kano ya dawo da keken tsere na kwalta, shuɗi, siriri kamar tsinke. Ba don yana son keke ba, sai don kowa na da babur. Ya kawo shi rumfa a sa masa iska. Matiyu ya miƙe tsaye a hankali, ya zagaya shi sau biyu, ya gwada yatsa. Ko ɗan ƙaramin bai shiga ba. Rabona da ganin fuskarsa haka tun ranar da aka haifi Selina.

Alfred ya ce, "Baba Matiyu, naka ai tsohon yayi ne. Yanzu zamanin kwalta ne, gudu ake magana."

Matiyu ya ce, "Allah ya kai mu damina, ɗana."

Allah kuwa ya kai mu. Wata ƙungiyar ma'aikata ta shirya tseren keke don bikin cika shekara goma sha biyar da samun mulki, daga fili a tashi, a je Kwadon, a dawo. Ɗaya ga watan Oktoba, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Alfred ya ba da suna. Mijina, mai shekara arba'in da biyar, wanda a watan Afrilun shekarar aka naɗa dattijon ikilisiya, shi ne na biyu a layi.

Daga nan ne na shigo, kuma ba zan rage komai ba. Na ce in dai zai je ya tsaya gaban manyan gari, to ba da gajeren wando ba kamar ɗan firamare. Na sa aka ɗinka masa farar riga da farin wando, na sa sitaci, na goge har suna iya tsayuwa da kansu. Ya yarda. Sai kuma labari ya zo cewa wani ɗan kwangila yana shimfiɗa kwalta a hanyar da za a bi. Matiyu ya hau ya je ya duba, ya dawo jiki a sanyaye. Kwalta ce baƙa wuluk iyakar ganin ido, motoci na ta aiki, shugaban leburori kuma ya rantse masa kafin ranar biki sun kai Kwadon. Shekara goma sha biyar yana jiran taɓo, da ranar ta zo sai gwamnati ta yi kuɗi.

Ya zauna a tsakar gida bai ko taɓa tuwo ba. Da wata matar ce, da ta lallashe shi. Ni kuwa sai na ga ƙofa ta buɗe.

Na ce, "Baban Selina, tunda taɓon babu, ratar me kake tsaro? Ruwa ne kawai zai kwanta a kwalta, ya zana maka layin nan a farar riga, ka shigo fili dattijo guda kamar wanda akuya ta bi ta bayansa. Sau ɗaya dai a rayuwata, ka fita kunyata."

Ya daɗe yana kallon keken. Ya ce, "Zai cinye ratar."

Na ce, "Ta cinyu mana. Kwana ɗaya ne."

Washegari da hantsi ya ɗauko madigadi sababbi guda biyu ya ɗaura. Abin haushi, ratar da yake taƙama da ita ce ta sa suka zauna daram, keken Alfred ko an so ba su da wurin shiga. Ya ɗaure su ɗaurin Matiyu. Da ya gama ya gwada yatsa, bai shiga ba, ya goge hannunsa a tsumma. Ranar tsere da safe na gan shi yana zura sifana a aljihun farin wando. Na fizge ta. Na ce tsere za ka ko gyara? Tun da na san shi, ranar ce ta farko da ya fita gida ba sifana a jikinsa.

An kwana ana ruwa, amma gari ya waye tas. Muka yi anko mu matan zumunta muka tsaya a gefen fili. 'Yan tsere wajen ashirin suka tashi, Alfred a gaba kamar an harba shi, mijina a tsakiya fari fat, bayansa ko ɗigo babu. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Har na taɓa ta kusa da ni na nuna mata.

Aka ce cikin awa ɗaya za a ga na farko. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Manyan baƙi suka fara duba agogo. Can sai yara suka ɗau ihu, makaɗa suka saki ganga, aka hango keke ɗaya tilo yana tahowa. Da ya matso sai ga Hamman, da kwandon tattasai a baya, laka har gwiwa, yana waige-waige yana neman wanda ake yi wa kiɗa. Ba ya cikin tseren. Kasuwa ya nufa, hanya ce ta biyo da shi.

Daga bakinsa na ji abin da ya faru, don mijina har ya mutu bai ba ni labarin ba. Kwaltar mil uku ta yi ta ƙare, daidai bayan tudun da idon mai tsayuwa a gari yake iya kaiwa. Daga nan motocin ɗan kwangila sun kankare tsohuwar hanya sun bar baƙar laka, ruwan jiya kuma ya dama ta. Alfred ne ya fara shiga, taku goma tayarsa ta ƙulle, ya wuntsila ta kan ƙaho. Sauran masu kekunan gida suka bi sahu, laka ta cika madigadi, kowa ya tsaya.

"Malam Matiyu fa?" na tambaya.

Hamman ya ce, "Wallahi Inna Selina, da ya ga lakar nan dariya ya yi. Na hango shi daga nesa, ya miƙe a kan feda, ya wuce yaron nan mai shuɗi, ya wuce kowa. Sai kuma na ga ya tsaya shi ma. Ya sauka yana laluben aljihu."

Ya laluba na dama, ya laluba na hagu. Ya kama madigadin da hannu yana ja, amma wanda ya ɗaura shi ya iya aiki. Ya tambayi Hamman ko yana da sifana, Hamman ya ce shi da yake da Malam Matiyu me zai yi da sifana. Ya karyo karan dawa ya zaƙulo lakar, ya hau, taku kaɗan ta sake cikawa. Shi kuwa Hamman ya ratsa ta tsakiyarsu a kan jakinsa, laka na fita ta ratar da mijina ya buɗa masa da hannunsa, ba wanda ya ko lura.

Motar yashi ta ɗan kwangila ce ta kwaso 'yan tsere da kekunansu ta kawo fili, Alfred na zaune a sama da rauni a goshi. Matiyu ya ƙi hawa. Aka raba lemo, aka ce an ɗage tsere, manya suka shiga motocinsu. Ni na ƙi tafiya, wasu 'yan unguwa ma suka tsaya don kada a ba su labari.

La'asar ta yi sannan Matiyu ya bayyana. Ya je har Kwadon a ƙasa, ya dawo. Rana ta busar da lakar a cikin madigadi ta zama kamar tubali, ko da ya iso kwalta taya ta ƙi juyawa. Ga shi nan tafe a tsakiyar sabuwar kwalta, keke a saɓe a kafaɗa, ƙarfen tsakiya ya zauna masa daidai kamar yadda Baturen ya faɗa. Mutane suka fashe da dariya. Gaban rigarsa, kafaɗarsa, wandonsa, duk baƙi ƙirin. Da ya juya zai sauke keken na ga bayansa. Layin nan babu shi, madigadi ya yi aikinsa.

Alfred ya ɗaga murya ya ce, "Baba Matiyu, ina yatsa biyun? Ashe duk ɗaya ne, naka da nawa!"

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya so, da sai ya nuna madigadin kawai, ya ce a kawo sifana a cire a koma lakar a gani. Amma duk wanda ke wurin ya san wadda ta shekara goma sha biyar tana kukan madigadi a bakin famfo, kuma ga ni tsaye cikin anko a gaban matan zumunta. Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, da ma da fushin ne. Sannan ya juya wajen Alfred.

Ya ce, "Lakar ta fi ƙarfina, ɗana."

Ni kuma, mai bakin da duk Herwagana ke tsoro, na yi shiru. Wannan shirun ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Daga ranar wa'azi ya ƙare. Mai faci ya zo, a yi masa faci, ya tafi. Sunan dai bai bar shi ba, sai dai yanzu da dariya ake faɗarsa, yara su ɗaga masa yatsa biyu su ruga. Hamman ya ci gaba da zuwa, yana cewa duk damina shi kaɗai ke fitowa daga Kwadon ba ya sauka, amma wa zai saurari mai tattasai a kan maganar firam? Ba a sake shirya tseren ba. Alfred ya sayar da shuɗin ya sayi babur.

Madigadin kuwa Matiyu bai cire ba. Na roƙe shi a satin, na roƙe shi da damina ta zagayo, har sifanar na ɗauko na sa masa a hannu.

Ya ce, "Bar shi, Maman Selina. Ki huta da wanki."

Ba gatse yake yi ba, iyakar gaskiyarsa ke nan, shi ya sa abin ya fi ciwo. Shekara goma sha huɗu ya ƙara yana hawan keken nan, yana dawo mini da riga fes, ni kuma duk ranar da aka yi ruwa sai in ji kamar in ɗebo taɓo in shafa masa da kaina.

Bayan mun binne shi da sati biyu, baƙi sun watse, na fito da keken tsakar gida da safe. Na ɗauko sifanarsa. Tun hantsi nake fama da notin nan har azahar, na fasa farce biyu, na zage shi, na zagi ɗaurinsa, na yi kuka, sannan ya saki. Na jefar da madigadin gefe, na durƙusa kamar yadda yake yi, na zura yatsa biyu tsakanin taya da ƙarfe. Suka shige har da sauran wuri.

Na tashi da sauri na fita ƙofar gida in kira wani ya zo ya sa nasa ya ji. Na daɗe a tsaye a bakin titi da yatsuna biyu a miƙe. Babura ne kawai ke wucewa.